Wa Ke Cin Ribar Fatar Jar Akuya?

Wani ɗalibi da ke ajin ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, kullum muna karantawa cewa ya kamata ƙasashe masu tasowa su shiga sarƙar ƙera kaya da cinikinsu ta duniya, wai ta nan ne arziki yake shigowa. Amma ni abin da nake gani shi ne muna sayar da ɗanyen kaya da araha, sannan mu saye shi da tsada bayan an sarrafa shi a waje. Shin wannan sarƙa tana ciyar da ƙasa gaba kuwa, ko dai mulkin mallaka ne ya sake riga?"

Zan fara da gyara kalma guda a cikin tambayarka, wato kalmar shiga. Maganar shiga ba ta taso ba, domin mun daɗe a ciki. Manomin riɗi na Maigatari wanda amfanin gonarsa yake ƙarewa a matatsar mai ta Japan ko Turkiyya yana cikin sarƙar, haka nan matar da take tsinkar zoɓorodon da za a jiƙa a Meziko, haka nan mahaucin da ya feɗe akuya da asuba a kwata. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wace gaɓa muke riƙe da ita a cikin sarƙar, nawa ake biya a wannan gaɓar, kuma ko akwai hanyar matsawa daga gare ta zuwa wadda ta fi ta tsoka.

Ma'anar abin ba ta da wuya. A da, kamfani yakan ƙera kayansa daga farko har ƙarshe a ƙasa ɗaya, sannan ya kai kasuwa. Yanzu kuwa an yanyanka aikin gunduwa-gunduwa, an rarraba shi a ƙasashe daban-daban gwargwadon inda kowace gunduwa ta fi araha ko ta fi inganci. Abubuwan da suka sa hakan ya yiwu sanannu ne: kwantena, wadda aka fara dakon kaya da ita a jirgin ruwa a 1956 ta karya kuɗin sufuri, sadarwa ta yi sauƙi har mai kamfani yana iya lura da masana'antar da ke wata nahiya daga ofishinsa, aka rage kuɗin fito tsakanin ƙasashe, sannan ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 da ɗimbin ma'aikatanta. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa kusan rabin cinikin da ake yi tsakanin ƙasashe yana bi ta irin wannan sarƙa ne, wato kaya ne da suke ƙetare iyaka fiye da sau ɗaya kafin su kai ga mai amfani da su. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa wayar iPhone ta wancan lokacin, wadda haɗa ta yake cin kimanin dala 179, abin da ya shiga hannun masu harhaɗa ta a Sin bai wuce dala 6.5 ba, alhali a takardun kwastan ana rubuta kuɗin wayar gaba ɗaya a matsayin kayan da Sin ta fitar. Ka riƙe wannan misali, domin yana koya wa ɗalibi kada ya ruɗu da girman adadin kayan da ƙasa take fitarwa. Abin dubawa shi ne darajar da aka ƙara a cikin gida.

Bari in kawo maganar gida, in bi sawun fata, domin ita ce na fi sani, kuma duk abin da ake faɗa a littafi ana iya ganinsa a jikinta. Jar akuyar Sakkwato, wadda a ƙetaren iyaka ake kira jar akuyar Maraɗi, tana da fatar da majeman duniya suka daɗe da sanin darajarta saboda laushinta da ƙarfinta da kyan idonta. Tafiyar fatar tana farawa daga wuƙar mahauci. Shi hankalinsa yana kan nama, domin a nan cinikinsa yake, saboda haka idan yana sauri wuƙa takan zarce ta tsaga fatar ko ta bar mata kurji ta ciki. Daga nan ƙaramin ɗan kasuwa ya saya, ya barbaɗa mata gishiri, ya tara har ta kai yawan da zai ɗauka zuwa wurin dillali, dillali kuma ya kai majema a Challawa ko Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano. Na taɓa tsayawa a rumfar tantancewa ta wata majema ina kallon wani dattijo yana aikinsa. Yakan ɗaga fata ya fuskanci haske da ita, ya shafa ta da tafin hannu, ya ja gefenta, sannan ya wurga ta ɗaya daga cikin tsibi huɗu ko biyar da ke gabansa, duk cikin ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba. Na tambaye shi abin da yake nema, ya nuna mini tabon kaska, da zanen ƙaya, da wurin da gishiri bai kama ba har gashi ya fara zuba, da huda uku na wuƙa a fata guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauko da ita daga aji zuwa aji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mahaucin da ya yi hudar ba zai taɓa jin labarin asarar ba, domin kuɗin da aka ba shi kusan ɗaya ne ko ya kula ko bai kula ba. Saƙon kasuwa ba ya isa gare shi, saboda haka ba shi da dalilin gyara hannunsa.

A cikin majemar ana jiƙa fatar, a cire gashi da toka, a zuba ta a manyan ganguna masu juyawa tare da sinadarin jima, a matse, a aske ta ta yi kauri ɗaya, a busar. Yawancin sinadaran daga waje ake shigo da su, injinan ma haka, wutar da ke juya gangunan kuwa sau da yawa ta janareta ce. Bayan haka sai a loda a kwantena, mota ta kama hanyar Legas, jirgi ya kai Italiya ko Sifaniya ko Asiya. A garuruwa irin su Solofra da Santa Croce na Italiya ake yi mata rini na ƙarshe da gogewa daidai da launin da masu tsara kayan ƙawa suka zaɓa na wannan shekarar, sannan a yanka, a ɗinka jaka ko takalmi ko safar hannu, a manna suna. Sunan nan da aka manna shi ne yake cin kaso mafi tsoka na kuɗin da mai saye ya biya, kuma babu inda za a rubuta Kano ko Sakkwato a jikin jakar. Idan ka ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ban ga laifinka ba.

Wani ɗan kasuwar Taiwan mai suna Stan Shih, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na Acer, ya siffanta wannan yanayi a farkon shekarun 1990 da zanen baki mai murmushi. Gefe ɗaya da ya ɗaga sama shi ne bincike da ƙirƙira da tsara fasali, ɗaya gefen da ya ɗaga shi ne suna da talla da sayarwa, tsakiyar da ta lotsa kuwa ita ce aikin hannu na harhaɗawa. Dalilin lotsawar ba mugunta ba ce kawai. Aikin da kowa zai iya yi, masu neman yinsa suna da yawa, don haka mai ba da kwangila yana iya haɗa su gasa har farashi ya faɗi ƙasa warwas. Aikin da mutum ƙalilan suka iya, ko sunan da mutum ɗaya ya mallaka, shi ne yake da ikon yanka farashi. Duk maganar ci gaba a cikin wannan sarƙa tana komawa ga wannan batu: ƙasa ta koyi yin abin da ba kowa ne ya iya ba.

Akwai abin takaici a tarihinmu da ya kamata ka sani. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya tarar ana fitarwa sarrafaffen kaya ne: tufafin da aka saƙa aka rina a marina, da takalma, da jemammiyar fata, ana kai su har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Jar fatar da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko suna yi wa littattafai bango da ita, kaso mai yawa nata daga ƙasar Hausa fatake suka ƙetara Sahara da ita, sai ta ɗauki sunan ƙasar da ta bi ta cikinta. Ka ga ke nan matsalar rasa suna ba yau ta fara ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai alƙiblar ciniki ta juya daga arewa zuwa teku, kayan da ake nema kuma suka zama ɗanye. Turawan Ingila auduga suke so domin masaƙunsu, manoman Kano kuwa suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta, har aka kai ga dalar gyaɗa. An samu kuɗi, an samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata, amma a ma'aunin da muke magana a kansa an sauko ne daga mai sayar da riga zuwa mai sayar da abin da za a yi riga da shi. Saboda haka zarginka na mulkin mallaka yana da tushe a tarihi. Inda zan rabu da kai shi ne idan ka ɗauka cewa wanda ya fara daga ƙasan sarƙar dole ya dawwama a can.

Dubi Bangladash. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar ba ta da wata masana'antar tufafi da za a nuna, abin da take fitarwa galibi rama ce. A lokacin akwai wata yarjejeniya ta 1974 da ta ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta iya shigarwa kasuwannin Amurka da Turai, kuma Koriya ta Kudu ta riga ta cinye kasonta. Sai kamfanin Daewoo na Koriya ya nemi ƙasar da ba a sa mata iyaka ba, ya ƙulla da wani sabon kamfani mai suna Desh Garments na Noorul Quader. A 1979 aka kwashi ma'aikata 130 aka kai su masana'antar Daewoo da ke Busan suka yi watanni suna koyon aiki, ba ɗinki kaɗai ba, har da yadda ake jera teloli a layi, yadda ake duba inganci, yadda ake cika alkawarin lokaci, da yadda ake magana da mai saye na waje. Cikin shekarun da suka biyo baya 115 daga cikin mutum 130 ɗin nan suka bar Desh, wasu suka buɗe nasu kamfanonin, wasu suka je suka jagoranci na wasu. Ga mai kamfanin wannan asara ce, ga ƙasar kuwa shi ne babban abin da ya faru. Gwamnati ta tallafa da abubuwa biyu da ba su da ƙyalli amma suka yi aiki: ta yarda a shigo da yadi ba tare da biyan kuɗin fito ba muddin za a ɗinka a fitar, kuma ta yarda banki ya buɗe wa mai masana'anta takardar lamunin sayen yadi bisa jinginar odar da ya samu daga waje, ta yadda wanda ba shi da babban jari zai iya farawa. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar take fitarwa, masana'antar tana ɗauke da ma'aikata wajen miliyan huɗu, mata suna da yawa a cikinsu, kuma yawancin masana'antun na 'yan ƙasa ne.

Wannan labari yana da ɗaya fuskar, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke wajen birnin Daka ya rufta da ma'aikata a ciki, mutum 1,134 suka mutu. An ga tsagewa a bangon tun jajiberin ranar, amma aka umarci teloli su koma bakin aiki, domin akwai oda da za a cika. Matsin da mai saye yake yi kan farashi da lokaci ba ya ɓacewa a iska, yana gangarowa ne daga gaɓa zuwa gaɓa har ya sauka a kan wanda ba shi da wanda zai tura wa. A 2020 kuma, da annobar korona ta rufe shaguna a Turai da Amurka, manyan kamfanoni suka soke ko suka dakatar da odar da ta kai kimanin dala biliyan 3, wasu kayan ma an riga an ɗinka su. Har yanzu kuma, bayan fiye da shekara 40, ƙasar tana dogare da sana'a guda. Duk da haka, idan aka tambaye ni ko Bangladash ta ci riba, zan ce ta ci, domin talauci ya ragu ƙwarai, kuma ilimin sana'ar ya zauna a kawunan 'yan ƙasa, ba ya tafiya idan baƙo ya tafi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ma'aunin da nake auna kowace ƙasa da shi. Biyetnam ta jawo Samsung, wanda ya kafa masana'antar waya a Bac Ninh wajen 2009 sannan ya ƙara wata a Thai Nguyen, har kayan kamfanin shi kaɗai suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙasar take fitarwa a wasu shekaru. An samu aikin yi mai yawa, amma shekaru da dama abin da kamfanonin gida suke kawowa bai wuce kwali da kayan naɗi ba, muhimman sassa kuwa daga Koriya da Sin suke zuwa, kuma hukumomin ƙasar sun san wannan ne ƙalubalensu. Meziko ta fi shekara 50 tana harhaɗa kaya a bakin iyakar Amurka, ta kuma shiga yarjejeniyar ciniki da ita a 1994, amma bunƙasar arzikinta ba ta kama ƙafar ta ƙasashen gabashin Asiya ba, saboda masana'antun sun zauna kamar tsibiri, ba su saƙu da sauran tattalin arzikin ƙasar ba. Shi kansa Samsung, kada ka manta, da harhaɗa talabijin mai baƙi da fari ya fara tare da kamfanin Sanyo na Japan wajen 1970. Bambancin shi ne gwamnatin Koriya ta ba kamfanoninta rance da kariya bisa sharaɗin su sayar a kasuwar waje, wanda ya kasa kuma a janye masa tallafi.

Habasha ta gwada bin sawun Asiya da gaske. Ta gina unguwannin masana'antu, mafi shahara ita ce ta Hawasa da aka buɗe a 2016, ta ba da wutar lantarki mai araha, ta kuma yi tallar arahar ma'aikatanta, har wani rahoto na 2019 ya nuna cewa albashin farko na telan masana'anta a can kimanin dala 26 ne a wata, mafi ƙanƙanta a tsakanin ƙasashen da ke wannan sana'a. Albashin bai isa kuɗin ɗaki da abinci ba, saboda haka ma'aikata suka riƙa barin aiki kafin hannunsu ya faɗa, arahar da aka yi taƙama da ita ta koma cikas. Sannan aka zo ga babban rauni: masu saye sun zo ne saboda dokar AGOA ta Amurka, wadda aka kafa a 2000 domin ba wasu ƙasashen Afirka damar shigar da kaya ba haraji. Da yaƙin Tigray ya sa Amurka ta sanar a ƙarshen 2021 cewa za ta cire Habasha daga tsarin a farkon 2022, kamfanin tufafi na Amurka mai suna PVH, wanda shi ne jigon Hawasa, ya rufe masana'antarsa, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Gaɓar da aka gina bisa alfarmar wani, ranar da ya janye alfarmar sai ta tsinke.

Mu kuma namu ya bi ta wata hanyar. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, har masaƙu suka zama mafi ɗaukar ma'aikata a masana'antun Nijeriya. Sarƙa ce cikakkiya a cikin gida, daga gonar auduga zuwa gurza zuwa kaɗi zuwa saƙa zuwa buga atamfa. Amma an gina ta ne a bayan katangar haraji domin kasuwar gida, ba a taɓa tilasta mata gogayya a waje ba, injinanta suka tsufa, wuta ta yi ƙaranci, irin auduga ya lalace. Da atamfar Sin ta kwararo ta hanyar fasa-ƙwauri, katangar ba ta tare komai ba, kuma zuwa 2007 manyan masaƙun Kaduna sun rufe. Wanda ya zaga Kantin Kwari yau ya duba bakin atamfofin da ke jibge zai ga inda aka buga su. Darasin da na ɗauka a nan shi ne ƙin shiga kasuwar duniya ba ya hana kasuwar duniya shigo maka gida.

Wani abin da ɗalibai suke raina shi, alhali shi ne ƙofar shiga ta zamani, shi ne ƙa'idar inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya, wanda 'yan kasuwa suke zubawa a buhu don maganin ƙwaro, kuma aka yi ta sabunta haramcin. Babu wanda ya ƙara mana haraji, ɗakin gwaji ne kawai ya rufe ƙofar. Yanzu kuma Turai ta kafa doka a 2023 wadda za ta buƙaci mai kawo koko ko gahawa ko manja ya nuna takamaiman gonar da kayan suka fito, don a tabbatar ba daji aka sare ba. Babban kamfani yana da kuɗin cika irin wannan sharaɗi, ƙaramin manomi kuwa ba shi da shi sai idan ƙungiya ko hukuma ta tsaya masa. Ta wannan hanyar sarƙar takan tace mutane, ta riƙe manya ta zubar da ƙanana, ko da ƙasar a jimlace tana samun ƙarin kuɗin shiga.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin shi yake zuwa wa kowa: a hana fitar da ɗanyen kaya kawai, dole a sarrafa a gida. Wannan magani yana aiki a wani wuri, yana kuma kashe majiyyaci a wani wuri. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel daga Janairun 2020, kamfanoni, galibinsu na Sin, suka zo suka gina matatu a tsibirin Sulawesi, kuɗin da take samu ya ninka, ko da yake Tarayyar Turai ta kai ta ƙara kuma an yi ɓarnar muhalli mai yawa. Abin ya yiwu ne saboda Indunusiya ce ta fi kowa nikel, masu saye ba su da wurin gudu. Botsuwana ma ta yi amfani da ƙarfin lu'ulu'unta ta sa kamfanin De Beers ya ɗauke cibiyar cinikinsa daga Landan ya mayar Gaboron a 2013. Gana da Kwaddibuwa, waɗanda suke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya amma manomansu ba sa samun ko kashi 10 na kuɗin cakulan, sun haɗa kai a 2019 suka ɗora dala 400 a kan kowane tan, sai masu saye suka rage wani ƙarin da suke biya ta wata fuskar, ribar ta zama ba ta kai yadda aka zata ba. Habasha kuwa ta ɗora harajin kashi 150 a kan fitar da ɗanyar fata a 2008, daga baya ta faɗaɗa shi, sakamakon ya zama majemun baƙi masu fasahar gamawa ne suka mamaye harkar, na gida da yawa suka durƙushe. Nijeriya ma ta sa ɗanyar fata a jerin kayan da aka hana fitarwa, kuma hakan ya taimaka wa majemun Kano su tsaya, amma bai haifar da masana'antar takalmi ko jaka mai fitar da kaya ba, domin doka tana iya tsare fata a gida, ba ta iya samar da wuta, ko ƙwararren mai yanka, ko mai saye a Milan. Idan aka hana fitarwa alhali masu sarrafawa a gida kaɗan ne, wanda yake biyan kuɗin dokar shi ne makiyayi da mahauci, saboda farashin kayansu ne yake faɗuwa.

Amsata ga tambayarka ke nan: sarƙar tana ciyar da ƙasa gaba idan ta bar ilimi da kamfanonin gida a bayanta, tana kuma iya riƙe ƙasa a wuri ɗaya shekara da shekaru idan abin da ƙasar take sayarwa arahar ƙwadago ce ko albarkar ƙasa kawai. Ta bambanta da mulkin mallaka ta fuska guda mai muhimmanci, wato yanzu yawancin abubuwan da suke hana mu hawa a hannunmu suke. Ba Bature ne ya hana Challawa wuta ba, ba shi ne ya jera shingayen karɓar na goro tsakanin Kano da tashar jiragen ruwa ta Apapa ba, ba shi ne kuma ya sa biyan tallafin masu fitar da kaya yake jinkirin shekaru ba. Akwai dai ɓangaren da ba namu ba, kamar yadda ƙasashe masu arziki da yawa suke barin ɗanyen kaya ya shiga kyauta su kuma tsawwala haraji a kan sarrafaffe, wannan kuwa sai da tattaunawa ta haɗin gwiwa.

Da za a ba ni zaɓi a harkar fata, ba da gasa da jakunkunan Italiya zan fara ba. Zan fara da kwata, a riƙa biyan mahauci gwargwadon ajin fatar da ya feɗe, domin saƙon dattijon nan mai tantancewa ya isa inda wuƙa take. Zan sa majemu su haɗa kuɗi su gina matatar ruwan da suke zubarwa, saboda gubar jima da ke malala a kogin Challawa tana cutar da masu noman rani, kuma manyan masu saye sun fara tambayar inda ruwan majema yake zuwa kafin su ba da oda. Cibiyar nazarin fasahar fata da ke Samaru a Zariya tana nan, abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibanta da majemu da dukawa. Sannan zan dubi kudu. A kasuwar Ariaria ta Aba akwai dubban masu ɗinkin takalmi da suke sayar da kayansu har Kamaru da sauran maƙwabta, kuma da yawansu da fatar roba ta waje suke aiki, alhali majemun Kano suna loda tasu zuwa Turai saboda can ne ake biya da dala. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka fara aiki da ita a hukumance ranar 1 ga Janairun 2021, za ta iya buɗe wa takalmin makaranta da na sojoji da na ma'aikata kasuwa mai faɗi, irin kayan da ba sa buƙatar sanannen suna, sai ƙarko da farashi mai sauƙi. Sai dai ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga an rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, ya kuma sake ganin an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, zai daɗe yana tunani kafin ya zuba jarinsa a sana'ar da rayuwarta ta dogara ga motar fata ta wuce Jibiya kowane mako.